Kardan na Babbar Mota a Damagaram: Sana'ar da Ba Ta Karɓar Kintace

Duk wanda ya ratsa ta garejojin da ke bakin hanyar Tanut a birnin Zindar da hantsi, tun kafin rana ta gasa ƙarfe har ya gagari taɓawa, da wuya ya rasa ganin wata babbar mota tsaye tsirara, an sauke bodinta gefe guda, an yanke shasinta a tsakiya, an sa wani ƙarfe mai tsawon kamu biyu ko uku an ɗinke wurin da walda da kusoshi, domin motar da aka ƙera a Turai don kwalta mai santsi ta koma mai ɗaukar kayan fatake a kan hanyar Agadas.

A ƙarƙashinta kuwa za ka tarar da maigidan gareji kwance a kan kwali, da ma'auni a hannu da alli a bayan kunne, yaronsa yana riƙe da ɗaya bakin ma'aunin a jikin akwatin giya, shi kuma ya kai nasa bakin kan aksul na baya. Yakan auna, ya rubuta adadin a jikin shasi, ya sa a gusa motar kaɗan, ya sake aunawa. Mai motar yana tsugune a inuwa yana lissafin kwanakin da ta yi ba ta nemo ko dala ba, in ya matsa da tambaya sai a ce masa, Alhaji a ƙara haƙuri, wannan ƙarfen ba a yi masa gaggawa.

Abin da ake auna wa gurbi shi ne kardan, wanda 'yan'uwanmu na Kano da Katsina suke kira farfela. Da zarar an ƙara wa mota tsawo, na asalinta ya gajarta, babu kuma kantin da za a je a sayo wanda ya dace da ita, tunda masana'antar da ta ƙera ta ba ta san da wannan sabon tsawo ba. Tilas a yi odarsa a ƙera shi musamman, kuma a kan wannan aiki ne dukiyar mutane da rayukansu suke rataye, alhali kaɗan ne daga cikin masu hawa motar suka taɓa leƙa shi.

Daga amale zuwa mai taya goma

Damagaram, wato Zindar, ba baƙuwar fatauci ba ce. A ƙarni na 19 ayarin raƙuma daga Tarabulus da Gat da Agadas a unguwar Zango suke sauka, su huta, su sauya kaya, sannan su nufi Kano ko Kukawa ta Barno, kuma albarkar wannan ciniki ce ta ba Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ikon kewaye Birni da ganuwa da tara bindigogi. Abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne cewa a zamaninsa maƙeran garin suna zuba igwa, ana kuma haɗa albarushi a nan cikin gida, wato hannun Badamagare ya saba da ƙarfe mai haɗari tun kafin Faransawa su ci garin a 1899.

Bayan Zindar ta riƙe matsayin babban birnin mulkin Nijar daga 1911 zuwa 1926, aka mai da shi Yamai, garin ya ci gaba da rayuwa a kan sufuri. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano, gyaɗar Magarya da Matamaye ta soma bin motoci zuwa can, raƙumi kuma ya yi ta ja da baya sannu a hankali, har a ƙarshen 1959 Faransawa suka ratsa Tenere da manyan motocin Berliet masu ja da dukkan tayoyinsu, suka nuna cewa rairayin da ba ya ketaruwa sai da amale yana ketaruwa da inji.

Yau daga Zindar zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne, zuwa Agadas wajen 450, zuwa Kano wajen 240, kuma babu layin dogo mai aiki ko ɗaya a tsakani. Wake da riɗi da rake da kanwa da dabbobi, da siminti da man matatar SORAZ da aka buɗe a 2011, da guzurin masu haƙar zinariya da suka kwarara Jado tun 2014, duka a bayan mota suke tafiya. Inda mota ta zama ita kaɗai ce dabbar sufuri, ba abin mamaki ba ne mai ita ya nemi ya ɗora mata fiye da abin da aka halicce ta dominsa.

Me ya sa ake sauya halittar mota

Galibin manyan motocin da ke aiki a wannan yanki tsofaffi ne, sun gama shekarunsu na ƙuruciya a Jamus ko Holan ko Faransa kafin jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano ko Lome. Akwai Mercedes, akwai DAF da MAN da Renault, ga kuma Howo ta Sin da ta yawaita a 'yan shekarun nan. Wanda ya sayi irin wannan mota da kuɗin da ya tara shekara da shekaru, ko da bashi, ba ya da wata hanya ta mai da uwar kuɗinsa sai yawan kaya a kowace tafiya.

Saboda haka wani yakan ƙara tsawon shasi don bodi ya ci ƙarin buhuna, wani ya ƙara aksul guda mota mai taya shida ta zama mai taya goma, wani ya ƙara ganyen sifirin ta ɗaga sama don kada cikinta ya riƙa shan yashi, wani kuma injinsa ne ya mutu, bai sami irinsa ba, ya ɗora na wata mota dabam tare da akwatin giyarta. Kowanne daga cikin waɗannan ayyuka, ko da bai taɓa kardan da hannu ba, ya sauya tazarar da ke tsakanin akwatin giya da aksul, ko ya sauya karkatar da ke tsakaninsu.

Rufe iyaka ya ƙara tsananta lamarin. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu, aka sake rufe iyakarta da Nijar bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai a Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma a duk waɗannan lokuta kayan gyaran da aka saba ɗaukowa daga Ƙofar Ruwa ta Kano suka yi wuyar samu suka yi tsada. Abin da bakanike ba zai iya sayowa ba, dole ya ƙera, ko ya yi dabarar haɗa shi daga gawar wata motar.

Sharuɗɗa uku da ƙarfe ya gindaya

A ido kardan bututu ne kawai, mai mahaɗa a kowane baki. Mahaɗar nan gicciyayyen ƙarfe ce mai hannu huɗu, wadda kunnuwa biyu suke riƙe da ita ta kowane ɓangare, ita ce ke ba bututun damar juyawa alhali yana karkace. A gefe guda kuma akwai haƙora masu zamewa cikin juna, domin ya miƙe ya kuma taƙure yayin da aksul yake hawa da sauka a kan gargada. Sunan ya samo asali ne daga wani malamin lissafi na Italiya, Kardano, wanda ya rayu a ƙarni na 16, kuma wani Ba'amurke mai suna Spicer ne ya soma ƙera irin wannan mahaɗa domin motoci a 1904.

Aikinsa kuwa ba ƙarami ba ne, domin idan direba ya sa giya ta ɗaya zai tayar da mota daga cikin yashi, ƙarfin murɗawar injin yakan ninku sau goma ko fiye kafin ya shiga bututun nan, idan kuma ta kama kwalta tana gudun kilomita 80 a awa, bututun yana juyawa kusan sau 2,000 a minti guda. Abin da aka ɗora wa waɗannan wahaloli biyu yana da sharuɗɗa uku, waɗanda in ɗaya ya faɗi aikin ya ɓaci, kamar yadda ibada take ɓaci da faɗuwar rukuninta.

Sharaɗi na farko shi ne tsawo. Kowane bututu yana da haddin juyawa, wanda in ya kai shi sai ya soma lanƙwasa a tsakiya yana kaɗawa kamar bulala, kuma haddin nan yana faɗuwa da sauri fiye da yadda hankali zai zata, domin idan aka ninka tsawon bututu sau biyu, haddinsa yakan koma rubu'in yadda yake. Wannan ne ya sa masu ƙera motoci ba su cika barin bututu guda ya wuce wajen mita biyu ba, sai su raba shi biyu ko uku, su tokare tsakaninsu da boris da aka ɗaure a jikin shasi.

Sharaɗi na biyu shi ne karkata. Mahaɗar da take juyawa a karkace ba ta tafiya bai ɗaya, takan yi sauri ta lafa sau biyu a kowane zagaye, abin da malamin nan na Ingila, Robert Hooke, ya bayyana tun ƙarni na 17. Maganin wannan aibi shi ne mahaɗa ta biyu ta warware abin da ta farko ta ƙulla, hakan kuwa ba ya yiwuwa sai kunnuwan da ke bakin bututun biyu suna kan layi ɗaya, karkatar gaba da ta baya kuma sun yi daidai da juna, ba su wuce 'yan darajoji kaɗan ba, wajen uku ga motar da ke gudu a kwalta.

Sharaɗi na uku shi ne daidaiton nauyi. A ƙaddara cewa ɗigon walda ya sa gefe guda na bututu mai faɗin santimita 10 ya fi ɗayan nauyi da giram 50, abin da bai kai nauyin ƙwan kaza ba. Idan bututun ya kai juyi 2,000 a minti, wannan ɗan rinjaye yakan zama fizga ta wajen kilo 11, mai kewayawa fiye da sau 30 a kowace daƙiƙa, tana dukan boris da akwatin giya tun daga Zindar har Agadas. In gudun ya ninku biyu, fizgar ta ninku huɗu.

A gaban injin fiƙe ƙarfe

Gwanin wannan sana'a ana gane shi tun daga awo. Ba ya auna mota tana ɗage a kan jak, sai tana tsaye a kan tayoyinta a wuri mai shimfiɗa, yana kuma tambayar yadda take zama in an yi mata lodi, domin ya bar wa haƙoran nan masu zamewa sarari ta gaba da ta baya. In kardan ya yi tsawo, ranar da aksul ya hau tudu zai tokari akwatin giya ya fasa shi, in kuma ya gajarta, ranar da aksul ya faɗa rami haƙoran za su zare.

Daga nan sai ya ɗora tsohon kardan a kan injin fiƙe ƙarfe, ya fiƙe tsohuwar waldar a hankali har kunnuwan su fita lafiya, ya jefar da tsohon bututun ɗungurum, ya yanko sabo mai faɗi da kaurin da suka dace, ya gyara bakinsa ya zama sak. Yakan dasa kunnuwan da matsi, ya ɗora su a kan abu mai shimfiɗa ya tabbata suna kallon fuska ɗaya, sannan ya ɗiga walda a wurare huɗu masu fuskantar juna, domin zafin wuta yana jan ƙarfe zuwa ɓangaren da aka fara ƙonawa.

A nan ne za ka ga haƙurin mutum. Yakan kafa agogon awo, wanda allurarsa ke nuna kaucewar da ido ba ya gani, ya riƙa juya bututun da tafin hannu yana kallon allurar, in ta yi rawa fiye da rabin milimita ya sa alli a wurin, ya ɗan gasa shi da wuta ya sanyaya, ya sake juyawa, har allurar ta natsu. Sai bayan haka yake zagaye waldar gaba ɗaya, ya bar ta ta huce da kanta, ya sake aunawa.

Mataki na ƙarshe, wato juya kardan da gudu a kan injin da ke nuna gefen da ya yi rinjaye don a manna ɗan ƙarfe a ɗaya gefen, shi ne wanda mafi yawan garejojinmu ba su da kayan yinsa. Abin da aka saba shi ne a ɗaura shi a mota, a fita hanyar Mirriya ko ta Takeita, direba ya saurari kujerarsa da madubinsa. Kunnen tsohon direba abin girmamawa ne, amma yana jin babbar girgiza ne kawai, ƙaramar da ke cin boris a ɓoye sai bayan watanni take bayyana.

Akwai kuma aikin da bai cancanci a kira shi aiki ba, wanda ake yanka kardan a tsakiya, a soka guntun bututun ruwa ko na rijiyar burtsatse, a lulluɓe da walda, a shafa baƙin fenti. Irin wannan yana da araha, ana kuma gama shi kafin la'asar, sai dai an sa rauni a daidai inda bututu ya fi lanƙwasa, kuma da ƙarfen da ba don murɗawa aka yi shi ba.

Ranar da ya karye

Kardan ba ya cika karyewa ba tare da ya yi gargaɗi ba. Yakan fara da ƙara idan an sa giya, sai girgiza a wani gudu na musamman, sai jan ƙura mai kama da tsatsa a bakin mahaɗa, alamar giris ya ƙare yashi ya shiga. Wanda ya yi biris da waɗannan, in Allah ya taƙaita, bakin baya ne zai saki, bututun ya yi ta dukan cikin motar har ta tsaya.

In kuwa bakin gaba ne ya saki tana cikin gudu, sai ya faɗi ya caki ƙasa kamar mashi, ya ɗaga bayan motar, yana iya tsinke bututun iskar birki ko ya huda tankin mai a kan hanyarsa. Motocinmu kuma ba kaya kaɗai suke ɗauka ba, sau da yawa akwai mutane zaune a saman buhuna. Ko da ba a yi hatsari ba, lalacewa a tsakanin Tanut da Adarbisanat a watan bazara, inda ruwa yake da nisa, musiba ce mai zaman kanta ga direba da yaransa da dabbobin da aka ɗauko.

Kowa da hujjarsa

Masu motoci suna cewa kuɗin mai da na taya da na takardu da abin da ake kashewa a shingayen hanya ba su bar musu zaɓi ba, motar da ta tsaya a kan nauyin da masana'anta ta rubuta ba za ta ciyar da gida ba. Masu walda da masu injin fiƙe suna cewa sun san aikin ƙwarai, amma mai mota ne yake zaɓen mai araha, ingantaccen bututu yana da wuyar samu, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Direbobi, waɗanda su ne suke kwana a kan abin da aka ƙera, kukansu shi ne ba a shawartarsu sai abu ya lalace a ɗora musu laifi.

Hukuma ita ma tana da tata hujjar. Tun 2005 ƙasashen UEMOA, har da Nijar, suka amince da doka mai lamba 14 wadda ta ƙayyade nauyin da kowane aksul zai ɗauka, ta kuma tsayar da tirela mai aksul shida a kan tan 51. Dalilinta sananne ne ga injiniyoyin hanya tun gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, cewa idan nauyin aksul ya ninku biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan ninku wajen sau 16. Ramukan da lodin ya haƙa su ne kuma suke komowa su karya sifirin da kardan na motar da ta haƙa su.

Dukkan waɗannan hujjoji suna da ƙamshin gaskiya, amma babu ɗaya daga cikinsu da za ta sauya tabi'ar ƙarfe. Bututun da ya wuce haddinsa zai kaɗa, ko mai shi talaka ne ko mawadaci.

Abin da fiƙihu ya tanada

Malamanmu ba su bar wannan babi ba tare da hukunci ba. Cinikin da mutum zai sa a ƙera masa abin da babu shi tukuna, fuƙaha'u suna kiransa istisna'i, sun kuma shardanta a bayyana siffar abin da gwargwadonsa da irin kayan da za a yi shi da su, domin a kauce wa garari da husuma. A mazhabar Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukan Birni, akwai kuma hukuncin lamuncewar masu sana'a, wato mai sana'ar da aka danƙa wa kayan mutane shi ne da alhakin abin da ya lalace a hannunsa, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo shi.

In an auna aikin kardan da wannan ma'auni, hukuncin a fili yake. Wanda ya sa bututun ruwa ya shafe shi da fenti, bai faɗa wa mai mota ba, ya yi algus. Mai motar da aka faɗa masa gaskiya, ya zaɓi mai rauni don tsimin kuɗi, sannan ya ɗora bayin Allah a kai, ya ɗauki amanar da bai tanadi abin tsare ta ba.

Abin da ya rage a yi

Ba na cikin masu cewa a hana sauya motoci, domin dabarar makanikanmu ce take riƙe da kasuwannin Gure da Tanut da Bilma, kuma hannun da ya iya raya motar da Turawa suka yi wa sallama hannu ne mai daraja. Abin da ake bukata shi ne a ƙara wa wannan hannu ma'auni. Ƙungiyoyin masu sufuri da na masu sana'ar ƙarfe suna da ikon haɗa kuɗi su kafa injin daidaita nauyi ko da guda ɗaya ne a garin, kowa ya kawo aikinsa ya biya ladan awo. Makarantun koyon sana'a su koya wa yara lissafin tsawo da karkata tare da riƙon walda. Masu binciken lafiyar motoci kuma su riƙa shiga ƙarƙashin duk motar da aka ƙara wa shasi, su nemi a ɗaura mata ƙawanyar ƙarfe a kusa da bakin gaba, wadda za ta tare kardan in ya saki, abin da kuɗinsa bai kai na taya guda ba.

Kai kuma mai mota, ranar da za ka ba da odar kardan, ka tambayi irin bututun da za a sa maka, ka tsaya a auna motarka tana kan tayoyinta, ka duba da idonka kunnuwan suna kan layi ɗaya, kada kuma ka ƙi biyan kuɗin boris na tsakiya in an ce tsawon ya wajabta shi. Kwana biyun da za ka ƙara a gareji sun fi maka sauƙi bisa ga kwana guda a dajin Tanut da rayukan mutane a wuyanka. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a sana'a.